Na Ce Masu Kai Likitan Ido Ne

Rugarmu, gabas da Gazawa
Tara ga watan azumin tsofaffi

Zuwa ga ƙanena Bakari, a Yamai.

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara maka ƙarfin aikin da kake yi. Mu nan muna nan da rai, alhamdu lillahi. Halin farin nan ka fi ni jin labarinsa. Rijiyarmu an ƙara wa igiyarta gaba uku, jar dawar taimako kuma takan zo wani mako, wani mako shiru. Ɗiyata Maimuna ta sauka lafiya a Cadawa, an samu namiji. Gogo Habi ƙafa ta matsa mata, amma kullum sai ta tambaye ka. Da hannuna na rubuta wannan da ajami, ban kai wa mai rubutu na bakin buro, ofishin gwamnati, ba, don maganar ba ta kunnen wani ba ce. In tawada ta yi dama-dama ka yi haƙuri.

Maganar ɗanka ce, ɗan farina, wanda ka san bakina ba ya kama sunansa. Bara da kaka ya kora shanun gidan nan kudu neman ciyawa, arba'in da ɗaya. Bayan wata huɗu ya dawo da sanda da igiya. Ko saniya ɗaya bai dawo da ita ba. Sai ya kama fita da safe zuwa rijiya, ya yi ta ja yana zubawa a kwami, yana kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ruwa na malala a ƙasa alhali mata na jira da tuluna. Ran da wani ya ce mashi ya bar ɓarna, shanu sun mutu, sai ya ɗaga mashi sanda. Shi ne Sajo, ƙanen marigayi mahaifinsa, ya sa aka kawo turu aka sa mashi ƙafa, a bukkar bayan garke. Kwana hamsin ya yi a nan. Ni kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ƙwarya kawai nake aika mashi, ban taɓa leƙawa ba. Allah Ya gani.

Yanzu ga abin da ya fi yi mani nauyi. Shekara goma sha biyu ke nan duk wanda ya tambaye ni aikinka, sai in ce kai likitan ido ne. Na fara ne lokacin da dangin mijin Maimuna suke binciken asalinmu. Wata tsohuwarsu ta ce ta ji wai kawun yarinya da mahaukata yake wuni, ko abin a jini yake? Tsoro ya kama ni, bakina ya riga ni. Daga nan kuma ban san yadda zan janye ba. Ka tuna da ka zo gaisuwar rasuwar Inna, aka jawo maka wata makauniya har cikin zaure? Ka duba idonta a hankali, ka rubuta mata takardar zuwa Maraɗi, sannan ka ɗago ka dube ni. Na san ka gane. Ni da nake koya wa 'yan mata karatun allo, ina hana su ƙarya, ban iya biyo ka ko bakin mota na ba ka haƙuri ba.

Makon jiya na je Gazawa layin dawa. Muna zaune a inuwa, wani mai tebur ya buɗe rediyo, sai ga muryarka. Mai gabatarwa ya jero karatunka tun daga lakol, makarantar boko ta Agye, har Dakar, ya ce yanzu kai kake koyar da likitoci ciwon taɓin hankali, ɗalibanka sun bazu a ƙasa. Ya ce littafin da ka rubuta kan makiyayan da suka rasa dabbobinsu a farin da ya wuce ana karanta shi har ƙasashen waje, kuma kai ka kawo tsarin barin uwa ko mata ta zauna da maras lafiya a asibiti. Ni 'yar'uwarka ban san ko ɗaya ba, don ban taɓa tambaya ba. Sai na ji ka ce mutumin da garkensa ya ƙare zaman makoki yake, ba wanda ya zo mashi gaisuwa. Ka ce ɗauri ƙara ciwon yake, a kwance shi, wanda ya yarda da shi ya zauna kusa. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Washegari da hantsi, maza sun tafi kasuwa, na ɗauki taɓarya na shiga bukkar. Na yi ta bugun ƙusar turun har ta fita. Bakari, ƙafar ta yi gyambo, ƙuda na binta. Na wanke da ruwan gishiri, na zauna. Ban san abin da ake cewa ba, sai na yi mashi gaisuwar shanunsa kamar yadda ake gaisuwar mutuwa. Ya dube ni, sannan ya tambaye ni ko na tuna Wule, jikar baƙar saniyar da aka ba shi ran suna. Ya ce ita ta mutu ƙarshe, kanta a kan cinyarsa. Ya sha kunu rabin ƙwarya. Bai warke ba, har yanzu yakan yi zancen da ban gane ba, kuma barci ba ya ɗaukarsa.

Da Sajo ya dawo ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce in ɗan nan ya faɗa rijiya ko ya ji wa wani ciwo, alhakin a wuyana. Na ce ba ra'ayina ba ne, maganar likita ce, kuma likitan nan ɗan'uwana ne. Sai ya yi dariya, ya ce me likitan ido ya sani a kan iska? A gaban maza shida na buɗe baki na ce ƙarya na yi masu duk shekarun nan. Sajo ya ce to wace maganar tawa za a ɗauka, ta da ko ta yau? Ya ce ya ba ni kasuwa biyu, wato mako biyu. In bai ga takarda daga hannunka ba, zai mai da turu, ya ɗora shi a amalanke zuwa wurin wani mai magani wajen Gidan Sori, wanda bulala da hayaƙi ne aikinsa.

Don haka nake roƙonka, ka rubuto wa Sajo da sunanka da hatimin aikinka, ka gaya mashi ko kai wane ne, tunda ni na ɓata shaidata. Ka faɗa mani abin da zan yi kafin nan. In ka ce a kawo shi Yamai, ni zan zauna da shi, ko mutane za su ce na zubar da kunya. Sanda direba, mai kawo maka wannan, zai juyo ran Laraba. Laifin da na yi maka ban ce ka yafe yanzu ba, ka ajiye shi sai mun haɗu. Ka dai fara da ɗanka.

Ka gaishe mani da mai ɗakinka Tala, da ɗiyanka Jika da Jaye. Gogo Habi da Maimuna suna gaishe ku. Allah Ya ba mu damina, Ya sada mu da alheri.

Ni ce addarka,
Kadi