Na dangwala yatsana a gurbin Gwaggo

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar a yi mini wa'azi, zagin da na yi wa kaina ya ishe ni.

Ina zaune a unguwar Faisal, nan Alƙahira, wurin yayana da ke karatu. Shi da 'yan garinmu suka haɗa hannu za su buɗe ƙaramin bankin ajiya a gida. Gwaggonmu da ta zo wankin ƙoda, tana unguwar Ainu Shams, ita ma ta shiga. Lauyansu ya aiko da takardun kafa bankin, ya ce doka ce, duk wanda sunansa ke cikin masu kafawa sai ya sa hannu da kansa a gaban shaida, shaidar ma ta rubuta sunanta da adireshinta. Gwaggo ba ta rubutu, dangwale take yi. Yaya ya ba ni takardun da tawada, ya ce in je in zama shaidarta.

Na sha matsi a jirgin ƙasa na metro, na isa na tarar an wuce da ita asibiti, sai yamma za ta dawo. Ni da haƙuri ba mu haɗa hanya ba. A kan matakalar gidan na dangwala babban yatsana a gurbinta, na sa hannu a ƙasa cewa a gabana ta yi. Na ce a raina ai ta yarda da maganar, wa zai tsaya duba zanen yatsa? Da ta tambaye ni daga baya ina takardar da aka ce za a kawo mata, na ce khalas, an gama.

Jiya Yaya ya dawo yana murna, wai lauya ya ce za a gwada yatsun da na katin ɗan ƙasa kafin a ba da lasisi, mu kam ba mu da matsala. Na tambaye shi kamar da wasa, in aka samu na jabu fa? Ya ce, "Soke rajistar za a yi, shaidar kuma sai kotu. Ke dai zubo mini abinci."

In na yi shiru, na'ura za ta tona ni, sunana na nan a ƙasa da hannuna. In na faɗa, da wane ido Yaya zai kalli mutanen da suka shiga saboda sun yarda da gidanmu? Gwaggo kuwa likita ya hana a tayar mata da hankali.

Takardun sun riga sun isa Najeriya. Me zan yi?