Ciyawar da Ruwa Ya Bari a Reshe

Uwar 'ya'yana, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar da ba ta gudun mai ita,

Shekarar da ambaliya ta cinye babbar gada, kina ɗauke da cikin 'yarmu ta fari, muka yada zango a bakin wannan kogi da tsohuwar motata ta kaya. Yau ga ni a wurin, bayan shekara arba'in da ɗaya, ina kan hanyar zuwa gare ki. Direban da ya ɗauko ni ne ke rubutawa, tunda alƙalami bai san hannuna ba. Zai tura wa 'yarmu hoton takardar a waya. Ta karanta miki da ƙarfi, jikoki su ji.

Kin tuna? Na kafa tamfol a kan yashi, dab da ruwa, wai don iska. Kika nuna min busasshiyar ciyawa maƙale a reshe, sama da tsayina, kika ce ba tsuntsu ne ya kai ta ba, ruwa ne. Na ce ni da na haddace hanyoyi kamar tafin hannuna za ki koya wa kogi? Na haye mota na yi barcin rana. Ke kuwa, da cikin wata shida, kika kwashe tukunya, tabarma, jarka da tamfol, ɗaya bayan ɗaya, zuwa kan tudu. La'asar ba ta yi ba ruwa ya gangaro ja wur, alhali ko yayyafi ba a yi a kanmu ba, ya shafe yashin nan kaf.

Tun ranar, duk inda aka zauna hira, cewa nake ni na ga ciyawar. Kina ji, kina ɗinkinki, ba ki taɓa ƙaryata ni ba. Wace mace ce ke da haƙurin dutsen da ruwa ke duka? Sai ranar da na maimaita gaban jikoki, har na ƙara da cewa mata ba su san ruwa ba. Kika tafi gidan 'yarmu aikin ido. Wata huɗu ke nan da likita ya sallame ki, ba ki dawo ba, gida ya zame min kango.

To, ku ji: ke kika gani! Idonki ya fi na shaho, hankalinki ya fi kogin nan zurfi. Ɗazu direba ya nufi yashi da tanti, na nuna masa wata ciyawar maƙale a reshe. Ya ce lallai Baba ya san kogi. Na ce ba ni ba ne, matata ce. Bakina bai fashe ba, ashe.

Ni naki ne, tsohon nan mai kunnen ƙashi, har kogin nan ya koma inda ya fito. Gobe da sassafe zan zaro ciyawar da sandata, in haye gada, in kawo miki ita har ƙofa. Ba zan zauna ba, ba zan sha ruwan gidan ba, sai kin ɗauko jakarki.