Ina Karatun Ciwon Tsofaffi, Ban Ga Na Mahaifina Ba

Anti Lorraine, don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan gaya wa wannan magana in iya kallon idonsa. Na canza sunayen mutanen da zan ambata, kodayake duk wanda ya san mu a nan garin Toledo zai gane. Ya gane ɗin, na gaji.

Ni nas ce, shekarata arba'in da bakwai, kuma na fi shekara ashirin ina aiki a ɗakin masu matsanancin ciwo. Da aurena ya mutu, 'yata kuma ta tafi jami'a, sai na koma makaranta neman digiri na biyu, irin wanda in na gama zan riƙa duba manya da tsofaffin da aka kwantar, in nemi gwaji, in rubuta magani da hannuna. Zango ɗaya ya rage mini. A ajinmu ni ce babba, har Mama yaran suke ce mini. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin yadda suke waiwayowa su kalle ni duk sanda malami ya jefo tambaya mai wuya.

Mahaifina, Leland, yana da shekara tamanin da uku. A masana'antar gilashi ya yi aiki har ya yi ritaya. Tun da ya faɗi a matakala bara na ɗauko shi ya dawo gidana. Ƙafar ce kawai ta yi rauni, kansa kuwa garau. Mutum ne da yake gyara wa fasto aya in ya yi kuskure, yake kuma zagin masu sharhin ƙwallo a rediyo yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ina gaya miki haka ne don ki san ba ni da uzurin cewa dama can ya saba rikicewa.

Ana saura 'yan kwanaki mu yi babbar jarrabawa abin ya fara. Ina zuwa aikina, ina zuwa asibitin da nake koyon aikin, in na dawo kuma in baje littattafai a teburin cin abinci. Da farko na ga yana yawan barci a kujera da rana, ƙwai da burodinsa suna nan bai taɓa ba. Na ce gajiya ce. Washegari ya zuba gishiri a kofi ya shanye bai ce komai ba, har dariya na yi masa. Sai na tsinci wandonsa a jiƙe, ya cusa shi a bayan injin wanki. Na ce a raina tsufa ya zo, in an gama jarrabawa zan sayo masa abin da ya kamata, mu yi maganar a hankali don kada ya ji kunya.

Ranar Asabar da yamma na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar kicin, ya saka kwat da hula, yana tambayata yaushe Mama za ta dawo daga kanti. Mahaifiyata ta shekara huɗu da rasuwa. Anti, ban san abin da ya shiga kaina ba. Dama ya sha yi mini mita cewa ba ni da lokacinsa, sai na ɗauka wata dabara ce ta neman in kula shi. Na daka masa tsawa, na ce, "Baba, Mama ta rasu, ka sani, na sani. Don Allah je ka zauna ka bar ni in yi karatu." Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "To, yi haƙuri," ya juya.

Babin da yake buɗe a gabana a lokacin, kan ruɗewar da ke afka wa tsoho farat ɗaya ne. Abu na farko da ake so mu haddace shi ne, in tsoho ya canza cikin 'yan kwanaki, a nemi ciwo a jikinsa ko da babu zazzaɓi. Da hannuna na ja wa wurin layi. Na sha gaya wa sababbin nas-nas wannan magana, na sha jin haushin iyalan da suka bar tsoho a gida sai da ya galabaita, har ina cewa a ɗakin hutu wai su ba su da ido ne.

Ranar Lahadi na tafi laburare da 'yan ajinmu. Ƙanena Dwight, wanda yake koyar da lissafi a sakandare, ya zo ɗaukar Baba zuwa coci kamar yadda ya saba. Ya tarar da shi ya kasa miƙewa, yana kiransa da sunan yayan Baba da ya daɗe da mutuwa. Dwight ya kira motar asibiti. Ciwon mafitsara ne ya bi jini, jininsa ya sauka ƙasa, ƙoda ta taɓu. Kuma duk asibitocin garin nan, sai aka kai shi inda nake koyon aiki. Wadda ta karɓe shi a sashen ita ce Malama Corinne, wato wadda nake bi a baya kullum, wadda za ta sa hannu ta ce na cancanta ko ban cancanta ba. Da na iso a guje, akwai wata 'yar ajinmu a tsaye kusa da ita. Malama ta dube ni ta ce, "Tun yaushe kika ga ya canza?" Na so in ce jiya. Bakina ya ce tun Laraba. Ta rubuta, ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tambayar magungunan da yake sha. Da ma zagina ta yi.

Jarrabawar ma na zauna, don Dwight ya ce in tafi, zamana a bakin gadon ba zai ƙara komai ba. Ni na zo ta ɗaya. Da malamin ya kira sunana aka tafa, tashi na yi na fice daga ajin.

Baba ya tashi, mun gode Allah, sai dai ƙodar ba ta koma yadda take ba, kuma yanzu sai da abin dogarawa yake tafiya. Bai tuna komai na wannan makon ba. Ban san yadda aka yi ba, ya haɗa wa kansa labari cewa ni ce na gano ciwon na cece shi. Ya gaya wa mai aski, ya gaya wa mai kawo wasiƙu, ya miƙe a coci ya faɗa. Matan coci suka yi ta kawo mana kwanukan taliya da nama suna rungume ni, wata har ta ce in ta tsufa ni take so in duba ta. Dwight bai taɓa ƙaryata shi ba. Sai dai in muna cin abinci ya ce, "Likita, miƙo dankali," ko "Likita, a ganinki wannan naman ya dahu?" Sau ɗaya kawai ya fito fili, a wurin ajiye motoci, ya ce, "Yaya, kallo ɗaya na yi masa. Ke gida ɗaya kuke kwana." Matarsa ta gaya mini har kuka ya yi a cikin motar asibitin, don haka na san ba mugunta ba ce zalla.

Abin da ya fi damuna yanzu, na lalace a wurin aikin. Kwanan baya wata tsohuwa ta ce mini barci take ji, na rubuto gwaje-gwaje kamar za a yi mata tiyata. Malama Corinne ta soke rabinsu, ta ce mini a hankali ba kowane gyangyaɗi ne ciwo ba. In ta tambaye ni me nake gani game da mara lafiya, sai kaina ya ɗauke, ni da nake amsawa kafin a rufe baki. Na fara bugo waya ina cewa ciwon kai nake yi. Makaranta ta sanar da ni in ban cika lokutan asibitin ba, zan maimaita zangon, ko a sallame ni. Malama ta nemi mu sha kofi mu biyu, na zille. Ta aiko mini da saƙo cewa in zan iya, tana so in ba 'yan aji labarin Baba a matsayin darasi. Ban ba ta amsa ba.

Ni dai gani nake wadda ta kasa ganin ciwon ubanta ba ta da hurumin rubuta wa uban wani magani. Ina so in ajiye karatun in koma aikina na da, inda wani ne zai yanke hukunci ni in aiwatar. Kuma Baba, in gaya masa gaskiya ne, ko in bar shi da labarinsa tunda yana sa shi farin ciki? Duk sanda ya kama hannuna a gaban mutane ya fara, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki yafe mini tsawon wasiƙar.

Wadda ta kasa ɗaga kai, Toledo

*

'Yar'uwa, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki ba ki yi kuskure ba, don kin fi ni sanin kin yi, in na ce haka ma ba za ki ƙara yarda da sauran maganata ba. Alamun suna gabanki, kin san su, kin wuce su, kuma tsawar nan ba ta dace ba. Wannan gefe ɗaya ke nan.

Ga ɗaya gefen. A asibiti kina ganin mara lafiya ne da hutaccen ido, an ce miki ba shi da lafiya tun kafin ki shiga ɗakin. A gida kuwa Babanki kike gani, mai mita, mai zagin rediyo, kuma kina kallonsa ne bayan kin yi aiki biyu kin zauna yin na uku. Canjin da ya zo kaɗan-kaɗan ya fi ɓoyuwa ga wanda yake gida ɗaya da mutum. Dwight ya gani da kallo ɗaya ne domin mako guda bai gan shi ba. Ba don wasa ake hana ma'aikatan lafiya duba danginsu ba. Saboda haka abin da ya faru ya nuna kin ɗauki kayan da suka fi ƙarfinki, bai nuna ba ki san aikinki ba. Ki kuma lura, da aka tambaye ki a gaban 'yar ajinku, gaskiya kika faɗa, kuma da wannan gaskiyar aka yi wa Baba magani. Mutane da yawa da "jiya" za su ce.

Maganar barin karatu, ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba. Komawa aikin nas ba faɗuwa ba ce, aiki ne mai daraja, in shi ranki yake so. Amma ke ba so ne yake mayar da ke ba, gudu kike yi, kuma kunyar za ta bi ki har can. Ki gama zangon, ki karɓi takardarki, sannan ki zauna da sanyin rai ki zaɓa. In kin ga da gaske ba za ki iya tsayawa a kan mara lafiya yanzu ba, ki nemi hutun zango ɗaya a fili, da dalilinsa na gaskiya. Ƙaryar ciwon kai ita ce za ta iya ɓata miki suna, ba abin da ya faru da Baba ba. Ki daina ta daga yau.

Ki je ki sha kofin nan da Malama Corinne. Wadda ta yanke ƙauna da ɗaliba ba ta bin ta da gayyata. Ki gaya mata kanki yana ɗaukewa, ki roƙi ta matso kusa da ke na ɗan lokaci kafin hannunki ya dawo. In makarantarku tana da mai ba ɗalibai shawara, shi ma ki gan shi. Batun ba 'yan aji labari kuwa, ba dole ba ne, kuma ba naki ba ne ke kaɗai, lafiyar Baba ce, sai da izininsa. Ki ce mata ba yanzu ba. Wata rana za ki iya, kuma zai amfane su fiye da babin littafin.

Shi Baba, ki gaya masa, amma a taƙaice. Kada ki zauna a gabansa kina kuka har ya zama shi ne mai rarrashi. Ki ce masa, "Baba, Dwight ne ya gan ka ya kira mota. Ni na ga alamu ban gane ba, har na yi maka faɗa. Ka yafe mini." Shi ke nan. Mutumin da yake gyara wa fasto aya zai iya ɗaukar wannan. In bayan haka ya ci gaba da yabon ki, ki ƙyale shi, uba ne. Ke dai duk inda ya fara, ki sa baki ki ce ƙanena ne.

Domin akwai wanda aka danne wa haƙƙi a cikin wannan labari. Dwight ya tsorata, ya yi abin da ya dace, sannan yana zaune ana tafa wa wata. Zolayar da yake miki daga nan take fitowa. Ki gode masa da bakinki, ba tare da kin haɗa da kare kanki ba. Bayan kin gode, ki gaya masa ziyarar Lahadi ba ta isa ba. Ku raba kwanakin, ku nemi mai zuwa gida ta taimaka, ku kuma ajiye magana cewa duk wanda ya ga Baba ya canza, likitansa za a kira, ba ke za a tambaya ba. A gida ke 'yarsa ce, ki huta da zama komai.

Ki fara da kiran ƙanenki, tun kafin ki ajiye jaridar nan. Shi ne mafi wuya, in kin yi shi sauran za su zo da sauƙi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya daidaita tsakaninku, ke kuma ya sanyaya miki zuciya ya ba ki sa'ar gamawa.

Taki,
Anti Lorraine