A Gyara Asansir, Inna Ba Ta Ga Ƙarƙashin Teku Ba

Zuwa ga Mudir, shugaban gidan kallon kifaye da binciken teku, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mazaunin Shisha ne a Makka, sana'ata tura keken tsofaffin alhazai a Mina. Ƙorafi na kawo, kodayake rabin laifin nawa ne.

Na farko: bayan aikin Hajji na kawo mahaifiyata, Inna, a kekenta na guragu, da 'ya'yana gidanku. Zauren gilashin da ake ganin ƙarƙashin teku yana ƙasa, asansir ɗinku kuwa, na'urar hawa da sauka, a mace. Wanda ya sayar mana da tikiti yana kallon kekenta, amma bai gaya mana ba.

Na biyu: yara suka hau kuka. Inna ta ce mu sauka mu bar ta, ita dama ta gaji. Ranka ya daɗe, tsohuwar Bahaushiya in ta faɗi haka, kara ce take yi, jira take a matsa mata. Na sani sarai. Amma na jingine kekenta a inuwa, na bi yara. Ni da nake ciccibar uwayen mutane, na kasa goya tawa a 'yan matakala. Kaico!

Na uku: sai a mota ta gaya mini abin da ya kawo ta. Tana yarinya suka ƙetaro daga Sudan, uwarta ta rasu a jirgin ruwa, aka yi mata salla aka saka ta a teku. Tun ranar take son ganin yadda can ƙasan yake. Yanzu likita ya ce ganinta yana tafiya. Na buga muku waya har na gaji, kullum "bukra, in sha Allahu", wai gobe.

Roƙona, a gyara asansir, ko a faɗa wa masu keke gaskiya tun daga ƙofa. In gyaran zai ja lokaci, a ba ni izini in sauko da ita a bayana.

Ta tambaye ni ko akwai haske a can ƙasa. Na ce akwai. Ta ce ta fi son ta gani da kanta.

Allah ya yi maka jagora, ya bar maka iyayenka da idanunsu.

Wassalam.
Ɗan Inna, Shisha, Makka.