Na tafi da tukunyar gas

Curtis,

Na fita kana ta sharar barci. Ka gode wa Allah ban tashe ka ba.

Jiya a walimar ritayar Baba ina buɗe famfon duron giyar da na dafa, kumfa ta yi tsiri har kan rigar Anti Joanne. Kofi bayan kofi, kumfa zalla. Baba ya ce, "Lorna, giya kika dafa mana ko sabulu?" Kowa ya kwashe da dariya, taka ta fi ta kowa ƙarfi.

Sai da abokinka Denny ya sha ya yi tatul sannan ya tona maka asiri. Ashe kai ka murɗe gas ɗin da ke sa giya kumfa har ƙarshe, ka kwantar da duron kana mirgina shi a gareji, wai kana so ka ɗanɗana da wuri. Giyar da na bari a firji tana shan gas a hankali tun makon jiya!

To, saurara. Taka giyar, wadda ka tanadar wa 'yan kallon wasan hoki na yau, na sace mata iska kaf, ta koma kamar ruwan kududdufi. Tukunyar gas ɗin da za ka mayar mata da iska tana cikin motata, kuma ka san masu ɗurawa ba sa buɗewa ran Lahadi. Kar ka wahalar da kanka, wayata a kashe take.

Ka wanke daɓen gareji kafin in dawo, danƙo yake yi.

In abokanka sun yatsina fuska, sai ka kwantar da duron ka mirgina musu. Ai ka iya.

Yayarka,
Lorna