Ƙwallon Mangwaron Lambun Nasara

Zuwa ga Jamilatu, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, zumar da ta zo mini da harbi. Ina gaishe ki, amma ki sani da haushinki nake kwana, da shi nake tashi.

Kin tuna ranar da muka shiga Damagaram, ni da jakunan albasata, ke da gwaggonki Uwa, aka ce Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya buɗe wa talakawa ƙofar babban lambunsa? Kai, wannan rana! Mun ga jimina tana taƙama a bayan shinge, mun ga zaki a keji yana hamma kamar tsohon da aka hana goro. Ga Nasara biyu sun sa raga a tsakani suna ta dukan ƙwallo, kika rufe baki da gyale kina dariyar manyan mutane da aikin yara. Da garmaho, akwatin nan mai magana, ya fara waƙa kika ɓuya a bayana. A bayana, Jamilatu! Kika hau lilon ƙarfe ina tura ki, kina ihu kina kiran sunana har tsuntsaye suka watse. A lokacin kin san sunan nawa sarai.

Sai idonki ya faɗa kan itacen nan da suka kawo daga nesa, mangwaro, ya nuna ya yi jawur. Ba ki roƙa ba, kallo kawai kika yi, ni kuwa kallonki umarni ne. Na miƙa hannu na tsinko guda. To, ina laifin? A Matameye wa ya taɓa kiran mutum ɓarawo don ya ci abin lambu a cikin lambu? Wanda ya cika buhu ya fita shi ne ɓarawo. Mutum nawa suka karya rake a fadamata, na bi su da sannu da zuwa? Lambun da ake shiga a kalli abinci a fito da yawu a baki, wannan lambu ne ko wulaƙanci?

Sai gardi mai jar hula, dogarin Kumandan, ya shaƙe mini wuyan riga, ya zuba mini bulala a gaban jama'a, aka sa ni ɗibar wa furanninsu ruwa har rana ta karkata, furannin da ko akuya ba za ta ci ba. Duk wannan na shanye. Bayana ya warke. Abin da ya ƙi warkewa shi ne, da ya nuna ni ya tambaye ki ko tare muke, kika sunkuyar da kai kika ce ba ki san ni ba. Ni, Isufu! Ni da iyayena suka kai goro gidanku, aka sa ranarmu bayan kaka! Wallahi gara bulalar, ita dai ta san bayan da take duka.

Na san tsoro ne. Jar hular nan ko maza tana sa su gumi. Amma tun da muka dawo fa? Gwaggonki ta baza a gari cewa an kama ni da sata a birni, har mahaifinki ya fara cewa zai sake shawara, ke kuma da kika san don bakin wa aka tsinko, kin yi gum. Na zo zance an ce kina daka. Dakan me ne wannan da ba ya ƙarewa?

Ba kuka na ce ki yi ba, farin watana. Ki tsaya gaban mahaifinki ki faɗi abin da kika gani, tun bai mayar mana da goronmu ba.

Mangwaron nan bai koma hannunsu ba, a aljihuna ya sha bulala tare da ni. Na ajiye miki shi har ya ruɓe, sannan na binne ƙwallonsa a bakin rijiyata. Ya tsiro, Jamilatu, ganyensa ja-ja. In kin yi magana, 'ya'yanmu za su tsinka ba mai ɗaga musu bulala. In kin yi shiru, zan ci gaba da ba shi ruwa, kuma duk wanda ya tambaye ni na wa ne, sunanki zan faɗa, don ni na san ki.

Naki, da haushin da komai, har ƙasa ta rufe idona,
Isufu mai albasa, Matameye.