Kunyar Gyaɗar Jemimah da Nonye

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Susanna,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma yana tafiya daidai. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya tsare ki daga sanyin Ingila da kike ba mu labari. Mu nan lafiya lau. Babanki dai gwiwar nan ce, amma idan aka ce gona, sai ki ga ya riga kowa fita.

Saƙonki ya iso, cewa takardun 'yarki Jemimah sun fito, ɗan'uwanki Dominic zai kawo miki ita ƙarshen wata. Na yi murna, na kuma kasa cin abinci. A waya ba na iya faɗin abin da ke raina, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san tun da kika tafi yarinyar nan ta rufe baki. A makarantar yara ta cocinmu, inda nake taimakawa tun da na bar koyarwa, gefe take zama tana tsotsar yatsa. Da damina ta sauka sai na fitar da yaran bayan coci, na raba musu kunyoyi, yara biyu kunya ɗaya, muka shuka gyaɗa. Na haɗa Jemimah da Nonye, 'yar Amaechi mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, Hausarta kuwa sai a hankali. Suka yi ta cire ciyawa tare, ɗaya na zuba ɗaya na shiru.

Rannan Nonye ta ga furen ya kaɗe, ta dudduba ganye ba ta ga gyaɗa ko ɗaya ba. 'Yar birni, ta zaci a sama take fitowa kamar tumatir! Ta zauna a ƙasa ta fasa kuka, wai tasu ta mutu. Susanna, da idona na ga 'yarki ta durƙusa, ta tona gindin a hankali yadda kakanta ke yi, ta jawo hannun Nonye ta ɗora a kan 'ya'yan da ba su ƙosa ba. Ta ce mata ta yi shiru, suna nan, ɓuya suka yi. Tun daga ranar ba a raba su, har sai na tsawata musu saboda surutu.

Da na faɗa mata za ta zo wurinki, ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsalle ba. Washegari a gonar sai ta je ta kamo Seun, yaron da abokin kunyarsa ya daina zuwa, ta kawo shi gaban Nonye. Ta nuna masa inda ake taka ƙafa, ta ce kada ya riƙa yi wa Nonye dariya in ta karya Hausa. Sannan ta sa hannunsa cikin na Nonye, ta koma gefe ta tsaya. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta so Nonye ta waiwaya ta ga babu kowa. Yarinya 'yar shekara biyar! Na shiga bayan bishiyar mangwaro na yi kukana.

Ba hana ki 'yarki nake ba, tana kewarki fiye da yadda take iya faɗi. Roƙona ki bar ta ita da Nonye su cire gyaɗarsu tare, bai fi 'yan makonni ba. In da hali kuma, ki zo ki ɗauke ta da kanki. Ni ma ina da 'yar da nake marmarin gani.

Babanki da 'yan'uwanki Japheth da Peculiar suna gaishe ki. Ki gaida mijinki da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce mamanki,
Diana Shekari